Rasuwar Gwaggo, Piyanon Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da suka rasa inda za su sauka, ni Abednego Dauda Wusasa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Dubai daga Litinin zuwa Asabar, makaɗin jaz ranar Lahadi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka daɗe suna addu'ar zuwan wannan rana, rasuwar piyanona, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi, goma sha uku ga Afrilu, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a kusurwarta da ke cikin siton kayan Alhaji Shu'aibu a Al Qusais. Ba gobara ba ce, ba ruwa ba ne, ba kuma faɗowa ta yi daga mota ba. Gyara ta aka yi.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya a duniya, domin tsatsa ta cinye lambar da aka buga mata a ciki ranar haihuwa. Abin da muka sani, an haife ta a wata masana'anta a Turai, ta yi ƙuruciyarta a falon wasu Turawa, inda 'ya'yansu suka yi ta dukanta da darasi ɗaya har suka girma. Da aikinsu ya ƙare suka koma gida, suka tafi da karensu, ita kuwa suka bar ta. Na tsince ta shekara goma sha biyu da suka wuce a bayan wani bene a Al Muraqqabat, jingine da kwandon shara, rana na dukanta, haƙoranta uku sun karye, ƙafa ɗaya babu taya. Na ajiye akwatin kayan aikina na danna mata maɓalli ɗaya. Ta ce gwarrr, cikin muryar wadda aka tasa daga barci ba ta shirya ba. Ban je gidan da aka kira ni gyara ba ranar, kuma har yau ina ba mai gidan haƙuri.

Mutum shida muka ɗaga ta. Alhaji Shu'aibu, mai tura kaya Kano a kwantena, ya ba mu aron kusurwa tsakanin kwalayen firji da tayoyin mota, bisa sharaɗin kada a yi kiɗa lokacin salla, kada kuma a gaya wa kowa a Kantin Kwari cewa sitonsa ya zama gidan rawa. Mun cika sharaɗi na farko ba fashi. Na biyun ya cika kansa, domin ba a taɓa samun wanda ya iya taka rawa da kiɗanmu ba.

Sunan Gwaggo kuwa, Mubashir ne ya raɗa mata, saboda yawan mitarta. Mubashir mai ganga ne, mutumin Fagge, abokina tun kafin in sami gadon kaina a garin nan, lokacin da muke mutum takwas a ɗaki guda a International City. Ina so a riƙe sunansa, zai sake fitowa.

Ga wanda bai san irin kiɗan da marigayiya ta yi wa hidima ba, jaz ne, amma irin wanda aka cire wa linzami. Ba takarda, ba a ƙirga ɗaya biyu uku, ba wanda ya san inda za a sauka, har shi shugaban. Mu uku ne a ƙungiyar da muka kira Linzami Ya Tsinke: ni da Gwaggo a gaba, Mubashir a kan ganguna, sai Hephzibah 'yar Kagoro mai busa saksofon, wadda ke yini a tsaye a kantin turare sannan ta zo ta huce a kanmu. Ni ne mai tsara kiɗan, in tsari ne. Ina yanko gefen kwalin firji, in zana kibiya, in zana akuya, in yi da'ira, in rataya a bango, kowa ya kalla ya fahimci abin da Allah ya nufe shi da fahimta. Sauran umarni da gira nake bayarwa. A haka muka fitar da “Kwantena Ta Maƙale a Tashar Ruwa”, da “Wata Uku Babu Biza”, da babban aikinmu, “Lahadin Wusasa”, wanda ba mu taɓa kaɗa shi iri ɗaya sau biyu ba.

Marigayiya mace ce mai haƙuri da kayan ado. Ban so ta riƙa magana irin ta falon Turawa ba, sai na shiga cusa mata abubuwa tsakanin tsirkiyoyi, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Na sa mata marfin kwalbar lemo, ta riƙa cewa zirrr kamar gurmi. Na sa robar silifa a can ƙasa wajen manyan tsirkiyoyi, ta koma dum, dum, a shaƙe. Akwai ƙusa, akwai ƙwallon dabino, akwai cokalin shayin da na ara a wani gidan abinci ban mayar ba, akwai fil ɗin ɗankwalin Hephzibah, akwai tsinken tsire da ya zo daga Zariya a jakar wani. Akwai kuma guntun fatar kalangun mahaifin Mubashir, wanda shi da hannunsa ya miƙo mini, ya ce a sa a inda za ta fi jin daɗi. Kowane abu sai da na yi makonni ina matsa shi gaba da baya da faɗin farce kafin ya zauna. Ba ta taɓa ƙorafi ba, in ban da maɓalli na goma sha ɗaya daga hagu, wanda ko me aka yi masa kwas kawai yake cewa.

Ta yi rayuwar rufin asiri. Sau uku kacal ta bar sito. Na farko bikin auren wani ɗan kasuwa ne a Sharjah, inda aka gode mana bayan minti bakwai, aka ba mu shinkafa a leda, aka nuna mana ƙofar da masu kawo kujeru ke bi. Na biyu taron 'yan Arewa ne mazauna Dubai, inda wani dattijo ya jira har muka gama kaɗa “Wata Uku Babu Biza” gaba ɗayansa, sannan ya matso cikin ladabi ya tambaya ko mun gama gwada kayan, a fara. Na uku wani bikin masu zane ne, inda wata mata daga ƙasar sanyi ta zauna a ƙasa tana kuka, bayan an tashi ta roƙe ni in bari a ɗauki kiɗan a faifai. Na ƙi. Sauran shekarun duka a sito muka yi su, kowace Lahadi da yamma. Taro mafi girma da muka taɓa tarawa mutum goma sha tara ne, bakwai daga cikinsu 'yan dako ne da suka shigo gudun rana, amma sun zauna har ƙarshe, kuma ina lissafa su cikin masoya.

A nan dole in faɗi laifina, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Ni ne na kafa dokar cewa ba a ɗaukar kiɗanmu. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwali na liƙa a ƙofa. Aƙidata ita ce, kiɗan da aka kaɗa na wanda ya zo ne, wanda bai zo ba ya yi asara. Na yi wa mutane wa'azi a kan haka har sun gaji. Akwai ranar da na tsayar da kiɗa a tsakiya, na karɓe wayar wani bawan Allah, na sa shi ya goge abin da ya ɗauka a gaban jama'a, na koma kujerata ina jin kaina wani babban mutum. Saboda haka babu faifai, babu takarda, babu ko minti ɗaya a wayar kowa da na sani. Duk abin da na tsara a shekara goma sha biyu, a cikin cikin Gwaggo yake zaune.

Ba shi kaɗai ke zaune a ciki ba. Mahaifiyata, Mama Clara, ta yi shekara talatin da huɗu a zumuntar matan cocinmu a Wusasa, kuma duk tsawon shekarun nan muryarta tana ƙasa da molon coci da ɗan kaɗan. Ba da yawa ba, iyakar abin da zai sa mai koyar da waƙa ya runtse ido ɗaya. An yi mata magana a asirce, an yi mata a fili, daga baya aka mayar da ita layin baya kusa da taga, inda ta ci gaba da abinta da iyakar ƙarfinta. Da na zo Dubai sai ta ɗauki al'adar kirana ta bidiyo duk Lahadi in an tashi daga sujada, ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe huɗu a nan, ta rera mini waƙar da aka yi ranar. Ranar farko da na bi ta da piyano muka yi karo. Na kusa cewa Mama ki ɗan ɗaga, sai na tuna mutum nawa suka riga ni faɗa mata haka. Na ɗauko sifana na buɗe murfin Gwaggo, na sassauta tsirkiyar har ta sauko inda Mama take.

Maɓallai tara na tsakiya na saita da muryarta, kuma ba a rana ɗaya ba. Tana rerawa, ina murɗawa, wayar na jingine a kan murfi ko a hannun Mubashir. Da tsufa ya ƙara saukar mata da murya na bi ta, shekara bayan shekara, har maɓallan nan tara suka zama ba su jituwa da kowane abin kiɗa a duniya sai ita. A kansu na gina “Lahadin Wusasa”. Wata rana bayan ta gama, ta matso da fuskarta kusa da waya har hancinta kaɗai muke gani, ta ce, “Abed, wannan akwatin naka yana da tarbiyya. Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini na yi kuskure ba.” Mubashir ya yi dariya har wayar ta kusa faɗuwa. Ta ce masa, “Kai kuma ɗana, yaya matarka Murjanatu da nauyin jiki? Ka riƙa taimaka mata da wanki.” Ya ce, “To Mama, in Allah ya so.”

Mama ta rasu ranar biyu ga Maris. Washegari na hau jirgi. Kafin in tafi na ba Mubashir makullin kusurwarmu, na bar masa wasiyya uku: a lulluɓe Gwaggo da bargonta, a riƙa canza ruwan bokitin da ke gefenta saboda bushewar iska, kada kuma kowa ya ɗaga mata murfi. Ya rungume ni a bakin sito, ya ce in tafi hankali kwance, Gwaggo tasa ce kamar yadda Mama take tasa. Na yi mako shida a gida. A wajen jana'iza matan zumunta tamanin suka yi waƙa, kowace murya a kan layi, ba ko ɗaya a ƙasa, ban taɓa jin waƙa mai daɗi da ta ƙona mini rai haka ba. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko akwai mai muryar Mama a waya. Bidiyon coci kaɗai aka samu, tana can layin baya kusa da taga, ana ganin bakinta na motsi. Ban damu sosai ba. Na ce a raina, ai tana Al Qusais ƙarƙashin bargo tana jirana.

Ga yadda ciwon ajali ya kama marigayiya, kamar yadda na tattara daga bakin shaidu. Wani manajan otal yana neman makaɗa uku da za su riƙa rakiyar masu cin abincin rana duk Lahadi, kiɗan da ba zai hana mutum tauna ba. Ya ga hoton Gwaggo a wayar Hephzibah, tsufanta ya burge shi, ya ce za ta dace da zauren otal ɗinsu kusa da maɓuɓɓugar ruwa. Ya yi alkawarin bizar zama ta shekara biyu ga kowane makaɗi, in dai piyanon tana da lafiya. Bizar Mubashir saura mako biyar ta mutu, ga Murjanatu da jaririya. Hephzibah kuwa ƙafafunta sun fara kumbura saboda tsayuwar kanti. Na san wannan duka, kuma ban raina shi ba. Ni ma na taɓa kwana ina ƙirga kwanakin biza, har kiɗa na tsara a kai. Da Mubashir da Hephzibah sun gaya mini, da mun yi faɗa, da na zage su, wataƙila da na nemo musu wata piyanon ko ta haya ce. Waya tana hannuna duk mako shidan nan. Sun kira ni sau huɗu suna yi mini gaisuwa, ba wanda ya ambaci zancen otal.

Suka ɗauko likita, wani dattijo ɗan Filifin mai saita piyano a manyan otal-otal. Kwana biyu ya yi a kanta. Ya zare mata abubuwa ɗari da arba'in da uku da ɗan hantsaki, ya zuba a kwalin dabino. Ya sa mata sababbin haƙora uku, ya ɗaura mata taya. Ya warkar da maɓalli na goma sha ɗaya. Sannan ya kafa wata na'ura mai allura, ya bi tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har allurar ta tsaya cak a tsakiya. Hephzibah ta goge mata jiki da mai har tana ɗaukar ido.

Na sauka ranar Asabar, ranar Lahadi na tafi sito da ƙarfe huɗu, domin ƙafata ba ta san wani wuri ba a wannan lokacin. Na tarar an share kusurwa, an ɗaura wa Gwaggo jan ƙyalle, an sayo lemo. Suka ce sun shirya mini abin mamaki ne don in rage baƙin ciki. Mubashir ya ja mini kujera yana murmushi, amma idonsa na kan tayoyin Alhaji. Ya ce, “Habibi, zauna ka ji. Wallahi yanzu ta zama mutum.” Na zauna. Na ɗora yatsa a kan na farkon maɓallan Mama.

Ta ce tin. Tsaf, garau, ba gargada, daidai da kowace piyano a kowane otal a duniya. Na danna na biyu, na uku, har na tara. Na gangara ƙasa neman robar silifa, na hau sama neman marfin kwalba, na koma kan na goma sha ɗaya ina roƙonsa ya ce mini kwas, shi ma ya ce tin. Agogon bangon Alhaji ya nuna huɗu da minti goma, lokacin da a da Mama ta kan kai baiti na biyu. Shi ne lokacin da na rubuta a matsayin lokacin rasuwa, ko da yake likita zai ce ta cika tun kafin in dawo.

Ban yi ihu ba. Na tambaya ina kayan cikinta, aka nuna mini kwalin dabino. Hephzibah ta fara kuka, ta ce, “Yaya Abed, mun ɗauka za ka iya mayarwa.” Na yarda da ita, domin ita takan iso ne bayan ƙarfe biyar, an riga an gama waya da Mama, kuma tana ɗauka maɓallan tsakiya tsufa ne ya karkatar da su. Har Mubashir na so in yi wa uzuri. Na ce wataƙila ya fita sayen ruwa lokacin da aka zo kansu, wataƙila bai lura ba. Na riƙe wannan uzurin kwana biyu, ina lallaɓa shi.

Ranar Talata likitan ya dawo ɗaukar wani ƙyallen aikinsa da ya manta, ya same ni zaune. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, aikinsa aka kira shi ya yi kuma ya iya. Da ya gane ni ne mai ita, ya cire hularsa. Ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a, ya san tsirkiyar da zafi ya sassauta, ya san wadda hannu ya sassauta. Ya ce da ya zo kan tara na tsakiya ya ajiye sifana, domin ya ga an saukar da su da gangan, da kunne, da haƙuri, kamar ana bin wani. Sau uku ya tambayi mai gangar ko ya tabbata, har ya ce a kira mai piyanon a ji ta bakinsa. A karo na uku mai gangar ya juya baya, ya ce masa da guntun Larabcin Dubai, “Yalla, khalas, gyara kawai.”

Mutumin da ya riƙe wa Mama waya ke nan. Wanda ta kira ɗana, wanda ta aiko wa da yajin jego da man shanu ta hannun fasinja lokacin da Murjanatu ta haihu. Ya san abin da ke cikin maɓallan nan fiye da kowa a bayan ƙasa in ban da ni, kuma ya san ranar da ya ba da umarnin ko sati uku ba a yi da rufe Mama ba. An ci amanata, kuma ba baƙo ne ya ci ba. Mai koyar da waƙa ya yi shekara talatin da huɗu yana neman ɗaga muryar Mama bai iya ba, abokina ya gama aikin a yini biyu.

An yi ƙoƙarin ceto rai. Kwana uku na rufe kaina a sito da sifana da kwalin dabino. Kayan adon ma sun ƙi komawa, na sa ƙusa a inda nake zaton nan take, ta yi wata ƙara da ban san ta ba. Su ban damu da su sosai ba, ana iya sake tara wasu. Maɓallan tara ne suka kayar da ni. Ina sassautawa, ina rufe ido, ina jin Mama a kaina, in ce yauwa, nan ne. In sha ruwa in dawo in danna, sai in ji kamar ta fi haka ƙasa kaɗan. In ƙara sassautawa, sai in ji na wuce ta. Da can in na yi shakka, jira nake Lahadi ta zo in tambaya. A rana ta uku na lura na fara mantawa da yadda take jan ƙarshen baiti, domin tin ɗin nan ya cika mini kunne. Na tsorata, na mayar da tsirkiyoyin inda likita ya bar su, na rufe murfi.

Marigayiya ta rasu ta bar kujerarta, wato bokitin fenti da matashi a kai. Ta bar bargo ɗaya, da sifana mai lamba goma wadda ba ta da sauran aiki, da kwalaye sittin da wani abu masu zanen kibiya da akuya, waɗanda yanzu ba mai iya karanta su har wanda ya zana. Ta bar marayu ɗari da arba'in da uku a kwalin dabino, babbansu cokalin shayi, autansu wani maɓallin rigar Mama da na sa bara. Ta bar wata kyanwar sito da ta saba kwana a kan fedarta, wadda tun ranar da aka shafa man nan ba ta ƙara matsowa ba. Ta bar Alhaji Shu'aibu, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana cewa kiɗanmu na sa masa ciwon kai, amma ranar Laraba na gan shi tsaye a kusurwar, hannu a baya, yana kallon Gwaggo. Ta kuma bar ni. Ƙungiyar Linzami Ya Tsinke ba ta cikin waɗanda aka bari, tare suka rasu.

Ga tsarin jana'iza. Za a ɗauki gawa daga siton Alhaji Shu'aibu ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a motar ɗaukar kaya, zuwa otal ɗin da aka yi alkawari da shi. Na sa hannu a takardar. Kada kowa ya ɗauka yafewa ce. Jaririyar Murjanatu ba ta yi mini komai ba, kuma na san tambayar da Mama za ta fara yi mini in na hana. An samo wani mai karanta takardar kiɗa da zai zauna a gabanta, an ce hannunsa da laushi. Masu son ganin gawa za su same ta a zauren otal kusa da maɓuɓɓugar ruwa, kowace Lahadi daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, an yi mata kwalliya, tana ta cewa tin. Ni ba zan samu halarta ba.

Kwalin dabino zai bi kwantenar Alhaji ta ƙarshen wata zuwa Kano, daga nan ƙanwata za ta karɓa ta kai Wusasa, a haƙa masa ɗan rami daga wajen ƙafafun Mama. Na cire abu ɗaya kawai, guntun fatar kalangu, na bar wa mai gadi a ambulan ya ba mai shi. Alhaji ya tambaye ni me za a rubuta a takardar kaya, na ce ya rubuta tarkace, kada a tsayar da shi a tashar ruwa.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma a kusurwar da ta zauna. Ba kiɗa, ba jawabi, ba a buƙatar lemo. Dokar da ke manne a ƙofa na cire ta da hannuna.

A ƙarshe iyalan marigayiya suna da roƙo guda. A cikin waɗanda suka taɓa zama a siton nan ranar Lahadi, 'yan dako ne ko masu gudun rana, in akwai wanda ya raina dokata, ya ɓoye waya a aljihu ko a ƙarƙashin hula ya ɗauki ko minti ɗaya, musamman wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna lokacin da wata tsohuwa ke waƙa a waya, don girman Allah ya zo da shi. Ba zan yi faɗa ba, ba zan tambayi dalili ba. Bawan Allahn da na sa ya goge nasa a gaban jama'a, ina neman gafararsa, ina kuma fatan ya yi mini wayo ya ajiye wani a wani wuri. Shekara goma sha biyu ina gadin kada a saɓa mini, yau wanda ya saɓa mini nake nema ido rufe. Wanda ya fi kowa daɗewa riƙe da waya a wurin nan ya san kansa. In yana da shi, ko shi ne, ya zo. Ya ajiye a kan bokitin fenti ya juya, ba sai ya gaishe ni ba.

Sanarwa daga Abednego Dauda Wusasa, a madadin kyanwa da sauran dangi.